Yadda ake samo adireshin maƙala na dindindin a rumbun bayanan laburare

Adireshin da ke saman burauza lokacin da kake karanta maƙala a rumbun maƙalu na intanet kamar EBSCOhost da ire-irensa sau da yawa na wucin gadi ne. A cikinsa akwai lambar zaman da ka buɗe, wadda a tsohon shafin EBSCOhost ake gane ta da "sid=". Da zarar zaman ya ƙare, adireshin ya mutu, wanda ka tura wa sai ya tarar da shafin kuskure. Don haka kada ka kwafo daga can. Nemi wanda rumbun ya tanada don rabawa.

Ka fara buɗe shafin bayanin maƙalar, inda suna da marubuci da taƙaitawa suke, ba fayil ɗin PDF ba. Kowane rumbu da sunan da yake ba abin. A tsohon shafin EBSCOhost "Permalink" ne a jerin kayan aikin gefen dama, a sabon fasalinsa kuma yana ƙarƙashin "Share". A ProQuest duba "Document URL" cikin cikakken bayanin maƙalar. Gale na da maɓallin "Get Link". JSTOR ya fi sauƙi: adireshinsa yana da "stable" sai lamba, kuma ba ya canzawa.

A shafukan mawallafa kamar ScienceDirect, Wiley da Springer, DOI za ka nema. Lambar shaida ce ta dindindin da ake ba maƙala, kullum tana farawa da 10, misali na mawallafin Elsevier kan fara da 10.1016. Sa https://doi.org/ a gabanta, ka sami adireshin da zai bi maƙalar ko da mawallafi ya sauya shafinsa. Sai dai DOI wurin mawallafi yake kai mutum. Idan laburarenku ta hanyar ProQuest ya mallaki maƙalar, DOI zai iya kai ka inda za a nemi ka biya kuɗi, alhali kana da damar karanta ta kyauta. A nan adireshin rumbun ya fi amfani.

Matakin da aka fi mantawa shi ne ƙofar shiga daga waje. A cikin makaranta rumbun yana gane ka ta intanet ɗin harabar, a gida kuwa bai san ka ba. Shi ya sa laburare da yawa ke amfani da EZproxy ko OpenAthens, manhajojin da ke tantance mai shiga daga waje. Na EZproxy guntun adireshi ne da yakan ƙare da "login?url=", ana liƙa shi a gaban adireshin maƙalar ba tare da barin fili ba. Kowane laburare da nasa, sai ka nemi ma'aikatan su ba ka. Duba tukuna, wasu rumbunan sun riga sun saka shi, kuma saka shi sau biyu na iya lalata adireshin. Maƙalar da take buɗe ga kowa ba ta buƙatarsa, saka shi ma zai toshe wa baƙi hanya.

Kafin ka tura, gwada shi a waya da datarka, ba da Wi-Fi na makaranta ba, a tagar sirri ta burauza. Ya kamata a nemi sunanka da kalmar sirri, sannan maƙalar ta buɗe. In ta ƙi, duba ko ɗigon ƙarshen jimla ya manne da adireshin, ko imel ya yanke shi gida biyu.