Yadda ake aiki da giranda ba tare da faifai ya fashe ba

A cikin injinan hannu masu aiki da wuta, giranda, wato injin yanka da gurza ƙarfe, tana cikin waɗanda suka fi saurin raunata mai su, kuma sau da yawa faifan da take juyawa ne ke jawo abin. Ƙaramar giranda mai ɗaukar faifan milimita 115 tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, babba mai milimita 230 kuma wajen 6,500. Idan faifai ya fashe a wannan gudun, ɓaraguzansa na iya huda fata har ƙashi.

Don haka kafin ka ɗaura faifai, karanta abin da ke jikinsa. Akwai iyakar juyin da zai iya ɗauka, kuma dole lambar ta kai ta injin ko ta fi ta. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa: ramin tsakiyar babban faifai da na ƙarami ɗaya ne, milimita 22, sai a ɗauko babban faifan da ya cinye a sa wa ƙaramar giranda don kada a yi asara. Faifan da aka yi don juyi 6,600 bai kamata a juya shi 11,000 ba, ko da ya ƙanƙance. Duba kuma zoben ƙarfen da ke tsakiya, a nan ake buga ranar ƙarewar aikinsa, domin ƙaron da ya haɗa faifan yana lalacewa da daɗewa, balle idan ya sha danshi. Wanda ya faɗi ƙasa ko gefensa ya ɓantare, jefar da shi.

Cire fulogi daga soket tukuna, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Ɗaura faifan, ka ɗaure notin da sifanarsa daidai wa daida. Juya murfin kariya ya shiga tsakaninka da faifan, kuma kada ka taɓa cire shi wai yana tare maka gani. Sa tabarau na kariya da abin toshe kunne, ka naɗe hannun riga. Sannan ka kunna, ka riƙe injin gefe guda, ya yi ta juyawa haka nan na kusan minti ɗaya. In ka ji yana karkarwa, kashe.

Faifan yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, bakinsa kawai ke aiki. Kada ka goge walda da gefensa, zaren da ke riƙe shi zai cinye ya tarwatse. Na gurza shi ne mai kauri, wajen milimita 6, ana kwantar da shi digiri 15 zuwa 30.

Wajen yanka, ɗaure ƙarfen sosai, ka tallafe shi ta yadda guntun zai faɗi waje, tsagar ta buɗe. Idan an tokare ƙarshe biyu aka yanka tsakiya, ƙarfen zai lotsa ya matse faifan, injin ya yi tsalle ya dawo kanka. Riƙe da hannu biyu, kada ka danna, nauyin injin ya isa. Duba inda tartsatsi ke zuwa, kada ya tarar da fetur ko tsumma. Faifan ya tsaya cak kafin ka ajiye.

Bayan aiki mai nauyi, bar injin ya juya ba kaya na ɗan lokaci, fankarsa ta huce shi. Hure ramukan iska, saboda garin ƙarfe idan ya taru a ciki yana haɗa wuta ya ƙone koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin injin. In ka ga tartsatsi ya yi yawa daga cikin injin, ko yana ɗaukewa yana dawowa, galibi kabon ne ya cinye, wato ƴan guntaye biyu da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa; canza biyun tare, kada ka canza ɗaya. Wayar da ta tsage a sauya ta gaba ɗaya, naɗa mata salatif ba gyara ba ne. Wayar ƙari kuma a warware ta duka kafin a jona, domin a naɗe zafi take tarawa har robar ta narke.