Yadda Za Ka Gane Ko Wuyanka ne Ke Sa Kunnenka Ƙara, da Yadda Za Ka Gyara Zamanka Gaban Kwamfuta

Na daɗe ina aikin buga takardu a shago a nan Sakkwato, kuma yaran da suka koyi aiki a hannuna suna da yawa. Lokacin da ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi ke kawo kundin bincikensu, mutum kan zauna tun hantsi har bayan isha'i bai ɗaga kai ba. A irin wannan lokacin ne ƙarar ta fara mini, siririya kamar kukan gyare, a cikin kunne. Da rana ba na jin ta sosai saboda hayaniyar titi, amma da an ɗauke wuta cikin dare fanka ta tsaya, sai ta cika mini kai. Likitoci na kiran wannan abu tinaitas. Bayan ni, na ga yara biyu a shagon sun kamu da irinsa, kuma kusan kuskure ɗaya muka yi dukanmu. Saboda su nake wannan rubutu.

Mataki na farko: ka tabbatar ba abin gaggawa ba ne

Kada ka fara ɗora wa wuya laifi. Idan jinka ya ragu farat ɗaya a kunne guda, ka tafi asibiti ran nan ko washegari, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Haka in ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciyarka, ko a kunne ɗaya take ba ta barinsa, ko tana zuwa da jiri, ko kunnen na fitar da ruwa. Waɗannan na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A duba maka hawan jini tun da ka je. Ka kuma tuna magungunan da ka sha kwanan nan: kwinin na zazzaɓin cizon sauro sananne ne wajen sa kunne ƙara, haka asfirin idan ya yi yawa, da allurar jentamaisin. Sai janareta. Wanda ke wuni da ƙaramin janareta a bakin ƙofar shago, ko yake toshe kunne da iyafis yana ƙure sauti don kada ya ji janaretan, to ya fara zargin wannan kafin wuya, domin ƙara mai ƙarfi tana cikin manyan abubuwan da ke lalata ji. Kuma don Allah a bar sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, tura dauɗar ciki kawai yake yi.

Mataki na biyu: gwajin wuya da muƙamuƙi

Ni a salla na gano nawa. Ina zaune a tahiya, na juya kai dama zan yi sallama, sai na ji ƙarar ta ƙara kaifi, da na dawo da kai ta koma yadda take. Na sake gwadawa bayan na idar, haka ɗin dai. Dalilinsa shi ne jijiyoyin saman wuya da na muƙamuƙi suna kai saƙo wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da saƙon kunne ke fara sauka. In tsokokin ƙeya sun ɗaure na tsawon lokaci, saƙonsu na iya cakuɗuwa da na ji, ya tayar da ƙarar ko ya ƙara mata ƙarfi.

Ga yadda za ka gwada. Ka sami wuri shiru, bayan asuba ya fi. Ka zauna ka saurari ƙarar, ka ba ta maki daga 1 zuwa 10. Sai ka juya kai dama a hankali ka tsaya daƙiƙa 10, sannan hagu. Ka sa tafin hannu a goshi ka tura kai gaba hannun na tare shi. Ka cije haƙora da ɗan ƙarfi. Ka danna tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa da yatsu. Idan ƙarar ta sauya a ɗaya daga cikin waɗannan, ta ƙaru ko ta ragu ko muryarta ta canja, akwai alamar wuya ko muƙamuƙi na da hannu. Alama ce kawai, domin mutane da yawa da ƙararsu ta samo asali daga kunne su ma tana sauyawa haka. Abin da ke ƙarfafa zargin shi ne in ƙarar da ciwon wuya tare suka fara, tare suke tsananta ranar aiki mai yawa, tare suke lafawa ranar Juma'a da ka huta. Ka rubuta makin safe da dare na mako guda a bayan littafin lissafinka.

Mataki na uku: ɗaga fuskar kwamfutar

Nan ne kowa ke faɗuwa, nan ni ma na ɓata watanni. Da mutum ya ji an ce wuya ne, sai ya ruga neman man zafi da motsa jiki, ya shafa, ya murza wuya minti biyar, ya koma ya sunkuya kan laftof awa takwas. Ruwa ne ake zubawa a kwando.

Kan babban mutum ya kai kusan kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi a 2014 cewa in ka sunkuyar da kai digiri 60, nauyin da wuya ke ɗauka ya kai kusan kilo 27. Ka kwatanta da jarkar ruwa mai lita 25 a ƙeyarka tun safe. Laftof kuwa an yi ta ne kibod da fuska a haɗe, don haka in hannunka ya ji daɗi wuyanka ya sha wuya, in ka ɗaga ta don wuya kafaɗu su ɗauka. Babu yadda za ka zauna da ita ita kaɗai ka tsira. Dole ka sayi kibod da maus na daban. Na hannu ma ya isa, akwai su wurin masu kayan kwamfuta, kuma kuɗinsu bai kai abin da za ka kashe a man zafi da maganin ciwon jiki ba. Teburin ɗora laftof na ƙarfe da ake tallatawa kuwa ba ka buƙatarsa. Rim biyu ko uku na takardar A4 da ba a buɗe ba, shi ke nan, kuma duk shagon buga takardu yana da su.

Ka zauna, bayanka ya taɓa jikin kujera, ka dubi gabanka sak. Inda idonka ya sauka, nan saman fuskar kwamfutar zai tsaya, ko ƙasa da haka kaɗan. Nisanta da kai tsawon hannunka in ka miƙe shi. Gwiwar hannu a lanƙwashe kusa da jiki, tafin ƙafa a ƙasa.

Yanzu ga abin da ya ci ni. Na ɗaga kwamfutar, na yi komai daidai, ƙarar ba ta ragu ba. Ashe takardar da nake kwafa tana kwance a tebur ta hagu, kuma duk layi ɗaya sai na sunkuya na karkata kai na karanta na ɗago. Sau ɗaruruwa a wuni, gefe ɗaya. Wani dattijo da ya yi aikin tafireta a ma'aikatar gwamnati ya shigo ɗaukar hoton takarda, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaro, mi kake nema ƙasa? Tsai da takardar ga gabanka." Ya ɗauki allon katako mai maƙali ya jingina shi jikin rim ɗin, dab da fuskar kwamfutar. Na ce, "Baba, na gode, Allah ya saka." Daga wannan makon ƙeyata ta fara saki. Saboda haka duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, ba ya taɓa kibod sai ya tsayar da takardarsa a tsaye.

Abu na biyu da ke ɓoye shi ne ƙanƙantar rubutu. In haruffa sun yi ƙanana, haɓarka za ta riƙa tafiya gaba kamar ta kunkuru ba ka sani ba, ko da tsayin kwamfutar daidai ne. Ka ƙara girman shafin zuwa kashi 130 ko 150. In har yanzu kana leƙe, idonka ne ke son tabarau, je a auna. Aiki a kan tabarma da laftof a cinya, ko a kwance kan katifa saboda zafin watan Afrilu ya kore ka daga ɗaki, wannan a wurina haramtacce ne ga mai wannan matsala. Haka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kana magana da kwastoma kana bugawa. Fanka ko iyakwandishan kada su riƙa dukan ƙeyarka kai tsaye, ni dai na lura tsokar na ƙara ɗaurewa.

Mataki na huɗu: motsa wuyan

Sai yanzu motsa jiki ke da amfani. Ka ja haɓa baya kai tsaye, ba sama ba ba ƙasa ba, ka riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Ka karkatar da kunne wajen kafaɗa a hankali daƙiƙa 20 kowane gefe. Ka matse allunan kafaɗa baya. Duk rabin awa ka miƙe tsaye, ko ruwa ka sha. Tashin salla kaɗai bai isa ba, tsakanin safe da azahar akwai nisa. Da dare tawul mai ɗumi a ƙeya, matashi ɗaya madaidaici. Kada ka bari kowa ya murɗe maka wuya har ya yi ƙas, ko a shagon aski ko wurin mai tausa, akwai manyan jijiyoyin jini da ke bi ta nan zuwa ƙwaƙwalwa. In motsi ya kawo jiri ko hannu ya riƙa yin sanyi kana jin kamar ana tsira maka allura, ka tsaya ka ga likita.

Mataki na biyar: barci da jira

Kada ka kwanta cikin shiru tsit kana sauraron ta. Ƙaramar fanka mai caji ko karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa daga waya, ba a cikin kunne ba, yana rage mata fili. Ka ci gaba da rubuta makin nan har mako shida. Tawa ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta sauko daga 7 zuwa 2, ɗaya daga cikin yaran nan tasa ta ɓace, ɗayan kuwa ba ta motsa ba sai da aka auna jinsa aka ga janareta ne ya taɓa shi. In mako shida ya cika babu sauyi, ka ɗauki littafin makin ka kai wa likitan kunne, ka roƙi a auna maka ji, a kuma tura ka sashen fisiyo, masu gyaran tsoka da gaɓoɓi ta motsa jiki, su duba wuyan da muƙamuƙin.