Yadda za ka kwana lafiya a darenka na farko a Minecraft

Minti goma ne kacal a hannunka. Ranar da na fara buga Minecraft, wasan bidiyon nan da duniyarsa duk bulo-bulo ce, ba wanda ya faɗa mini haka, sai na tsaya ina kallon tumaki da furanni kamar baƙon da ya shigo birni, har rana ta faɗi ban tara ko sanda ɗaya ba. Yini da dare a wasan gaba ɗaya minti 20 ne. Kamar goma daga ciki rana na sama, wajen bakwai dare ne, sauran kuma almuru da ketowar alfijir. Da duhu ya rufe, dodanni ke fitowa, kuma ba ruwansu da cewa kai sabon shiga ne. Saboda haka duk abin da zan lissafa a nan tsere ne da rana. Da sanyin safiya ake kama fara.

Tun da Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara sakin wasan a 2009, an yi ta ƙara masa abubuwa, har yanzu ya kasu gida biyu: Java na kwamfuta, da Bedrock wanda ake bugawa a waya da na'urorin wasa. Maɓallansu sun bambanta, amma dabarar tsira ɗaya ce. Kafin ka buɗe sabuwar duniya, zaɓi Survival, wato salon fafutukar tsira, ka sa wahalarta a kan Easy ko Normal. In a waya kake, kunna Show Coordinates a wajen saiti. A Java kuwa F3 ke nuna su. Lambobi uku ne da ke faɗa maka inda kake tsaye, kuma ta tsakiyar ita ce zurfi ko tsawo. Za ka gode musu ranar da ka ɓata.

Da ka sauka, nufi bishiya mafi kusa. Danna kan gangar jikinta ka riƙe har gungume ya faɗo. Da hannu kawai, ba gatari. Tara gungume goma zuwa sha biyu, kada ka wuce haka yanzu. Buɗe jakarka: kowane gungume ɗaya na ba da katako 4, katako 4 na ba da teburin kafinta, katako 2 kuma na ba da sanda 4. Ba sai ka haddace tsarin jera su ba, akwai littafin haɗe-haɗe a gefe da ke nuna maka abin da kayan hannunka za su iya yi. Ajiye teburin a ƙasa, ka yi diga ta katako, wato katako 3 da sanda 2.

A nan sababbi da yawa ke ɓarnar itace, su yi takobin katako, gatarin katako, shebur, har da fartanya. Bar su duka. Digar katako aikinta ɗaya ne tak, ta kai ka ga dutse. Fasa teburinka ka ɗauke shi, ka nemi gefen tudu inda dutse mai ruwan toka ya bayyana, ko ka tona ƙasa bulo uku ko huɗu, yawanci za ka tarar da shi. Da ka samu guda 3 ka yi digar dutse nan take, don ta fi sauri kuma ta ninka ta katako daɗewa har da ɗoriya: waccan sara 59 take yi ta karye, wannan 131. Sai takobi da dutse 2 da sanda 1, gatari da dutse 3 da sanda 2, murhu da dutse 8. Ka ƙara kamar ashirin a jaka don toshe ƙofa da sauran larura.

Yanzu ɗaga kai ka dubi rana. In tana tsaka, kana kan lokaci.

Abu na gaba shi ne tumaki, kuma a ganina nan ne zuciyar yinin farko. Gado ake nema. Ulu 3 masu launi ɗaya da katako 3 ke yin sa, kowace tunkiya kuma ulu ɗaya take bari idan ka kashe ta, tare da nama. Lura da maganar launi: fari biyu da baƙi ɗaya ba sa yin gado, na taɓa tsayawa gaban tebur ina ta mamakin abin da ya hana. Amfanin gadon biyu ne. Yana tsallake da kai daren gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙu, sannan nan ne za ka riƙa farkawa duk lokacin da aka kashe ka, maimakon a mayar da kai can inda ka fara sauka. In ka ga saniya ko kaza a hanya, ka haɗa da su. Akwai aladu ma a wasan. Wanda ransa bai kwanta da su ba ya wuce abinsa, shanu da tumaki sun wadatar. In kuwa ka yi sa'a ka hango rufin gidaje, ƙauye ne, akwai gadaje a ciki da gonaki da damman alkama, kowane dami yana kwancewa ya ba da alkama 9, burodi uku ke nan. Kada dai hannunka ya kai ga mutanen ƙauyen, domin akwai wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da ke gadinsu, ba ya wasa.

Wani lokaci za ka zaga ko'ina ba tunkiya ko ɗaya. Kada ka bi ta har magariba ta riske ka a fili. Ka haƙura da gado a daren nan. Zaren da gizo-gizo ke bari guda 4 na zama ulu ɗaya, amma wannan aikin wata rana ne.

Sai haske. Daga sabuntawar 1.18 ta ƙarshen 2021, dodannin da aka saba da su ba sa ɓullowa sai a wurin da yake duhu, inda ba ɗigon hasken fitila ko wuta ko kaɗan. Ma'ana, duk inda ka kafa fitila ka kore su daga haihuwa a nan, ko da yake wanda ya taso daga nesa zai iya takowa ya same ka. Fitilar wasan sanda ce mai wuta a kai: kwal ɗaya da sanda ɗaya na ba da guda 4. Kwal shi ne dutsen nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da ake yawan gani a jikin tsaunuka. In babu shi kusa, yi gawayi. Sa gungume a ramin sama na murhu, katako a na ƙasa a matsayin makamashi, bayan daƙiƙa goma gawayi ya fito, kuma aikinsa daidai yake da na kwal. Wannan ne dalilin da ya sa na ce ka tara gungume da ɗan yawa, kada ka mayar da su katako duka.

Da sararin sama ya fara ja, ka daina duk abin da kake yi. Ba gida za ka gina ba, rami za ka shiga. Sami gefen tudu, ka haƙa ciki bulo huɗu ko biyar, tsawon bulo biyu, ka faɗaɗa kaɗan, ka juyo ka toshe bakin da ƙasa ko dutse. Kafa fitila, ajiye tebur da murhu da gado. Shi ke nan. Ba shi da kyan gani, amma ba abin da zai shigo. In a fili fetal dare ya same ka, tona rami bulo uku ƙasa, ka rufe saman kanka da bulo ɗaya. Katako 6 na ba da ƙofa 3 in kana son ka riƙa leƙen waje, sai dai a matakin Hard zombi na iya ɓalle ƙofar katako. In wasan ya ƙi barinka ka kwanta, yana cewa akwai dodanni kusa, to akwai wani a bayan bango ko a kogon da ke ƙarƙashinka. Ka jira ya gusa ko ka matsar da gadon.

Wanda ba shi da gado kada ya zauna yana kallon bango minti bakwai. Gasa namanka, ka yi gawayi, ka fara haƙa matakala zuwa ƙasa kana tara dutse.

Ya kamata ka san waɗanda ke yawo a wajen. Zombi mai sauƙi ne, tafiyarsa a hankali, gurnaninsa kuma na tona masa asiri. Ƙwarangwal maharbi ne, da kwari da baka, shi ya fi cutar sabon shiga. Kada ka tsaya masa a fili, ka laɓe bayan wani abu ka bari ya matso. Su biyun nan rana na ƙona su, sai dai in sun fake a inuwar bishiya ko sun shiga ruwa. Gizo-gizo na hawa bango, amma da rana ba ya kula ka in ba ka taɓa shi ba. Endaman dogo ne baƙi mai idanu shunayya, ba ruwansa da kai har sai ka kalle shi ido cikin ido. In ka yi kuskuren haka, shiga ruwa, ko ka shige ƙarƙashin rufi mai tsawon bulo biyu, tsawonsa ba zai bar shi ya biyo ka ba.

Sai kirifa. Kore ne, ba shi da hannu, ba ya gurnani, ba ka jin takunsa. Abin da za ka ji kawai shi ne wani sauti kamar an zuba ruwa a garwashi, daga nan daƙiƙa ɗaya da rabi ya fashe. Rana ba ta ƙona shi, don haka safiya ba ta raba ka da shi. Ni a bakin ƙofata ya jira ni: na farka, na buɗe da murna na ga gari ya waye, na ji "sss" ta bayan kunnena, sai ga rami a inda murhuna da akwatina suke, kayana warwatse a ƙasa. Tun daga ranar ba na fita da safe sai na leƙa hagu da dama. Yadda ake yaƙarsa shi ne ka sare shi sau ɗaya ka ja da baya, ya huce, ka sake matsowa. In ka ga ya fara kumbura yana walƙiya, ka gudu kawai. Yana tsoron kyanwa, in ka samu ta ƙauye ka saba da ita da ɗanyen kifi.

A ƙasan allonka akwai zukata goma da cinyoyin nama goma. Cinyoyin su ne ma'aunin yunwa, kuma su ke riƙe da zukatan: sai suna tara ko goma raunukanka ke warkewa da kansu, in sun sauko zuwa uku kuma gudu ya gagare ka. Gasasshen naman sa na cika cinya huɗu, ɗanyensa ɗaya da rabi kacal, ka ga ke nan cin ɗanye asara ne. Ɗanyar kaza takan jawo ciwon yunwa, ruɓaɓɓen naman da zombi ke bari ya fi ta muni. Kwal ɗaya na gasa abu takwas, don haka ka tara naman ka gasa a tare. Tsalle-tsalle da gudun da ba dalili na cinye cinyoyin da sauri.

Washegari aikinka ƙarfe ne. Yi akwati da katako 8 ka zuba duk abin da ba ka buƙata a tafiyar, ka rubuta lambobin gidanka a takarda, sannan ka ɗauki fitilu kamar talatin, abinci, digar dutse biyu da 'yan katako. Dokar da kowane tsohon ɗan wasa zai maimaita maka ita ce kada ka tona bulon da kake tsaye a kansa. Ba ka san me ke ƙasa ba, ko rufin kogo mai zurfi, ko tafkin narkakken dutse. Faɗuwar da ta wuce bulo uku na rage zukata, narkakken dutse kuwa da kai da kayanka yake cinyewa. Haƙa kamar matakala. Kada kuma ka tona saman kanka kai tsaye, don yashi da tsakuwa zubowa suke su danne mutum. A bakin rami ka riƙe maɓallin sanɗa, ba za ka zame ba. In ka shiga kogo, kafa fitilunka a bangon dama kaɗai. Lokacin komawa sai ka bi su suna hagunka. Dabara ce ƙarama, amma kogunan wasan nan rassa gare su kamar lungunan tsohon gari.

Ƙarfe dutse ne mai ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa-ƙasa, ana yawan samunsa wajen da lambar tsakiyar nan ke nuna 16 da kuma can saman manyan tsaunuka, kuma digar katako ba ta ciro shi, sai ta dutse. Narka shi a murhu. Guda bakwai na farko ga yadda zan kashe su: ɗaya a garkuwa, tare da katako 6, domin tana tare kibiya har da fashewar kirifa in ka ɗaga ta kana fuskantarsa, uku a diga, wadda ke sara 250 kuma ita ce ke iya ciro zinariya da lu'ulu'u, uku a bokiti. Mutane na raina bokiti, alhali ruwan cikinsa na kashe wutar da ta kama ka, yana daskarar da narkakken dutse, yana kuma shayar da gona bulo huɗu ta kowane gefe. Irin alkama daga ciyawa ake samunsa in kana fasa ta, fartanya kuma dutse 2 ne da sanda 2. Da alkamar za ka ja shanu da tumaki su biyo ka har cikin shinge.

Lu'ulu'u yana can ƙasa sosai, kusa da gindin duniyar da ke kan -64, inda narkakken dutse ya fi yawa. Ba na yau ba ne. Da jakarka ta yi nauyi da ƙarfe, juya gida ka ajiye, kada garin neman gira ka rasa ido. In kuma ƙaddara ta faɗa aka kashe ka, kayanka na nan zube inda ka faɗi na tsawon minti biyar kafin su ɓace, saboda haka ɗauki takobi da fitila daga akwati ka koma da gudu.

Gadon nan kuma ka riƙa kwana a kansa. Wanda ya yi dare uku bai yi barci ba, wasu halittu masu fukafukai ke fara kawo masa sura daga sama. Amma ranar da ka yi ƙarfin da za ka buɗe ƙofar Nether, wata duniyar wuta ta daban a cikin wasan, kada ka kuskura ka kwanta a can, domin a wannan duniyar gado fashewa yake yi.