Ga masu buɗe ajin tattauna littattafai da finafinai

'Yan uwa na Gusau da Kaura Namoda, kada ajin ya wuce mutum 12. In ya fi haka, rabi sai sauraro. A raba shafi 30 a mako, a zauna bayan La'asar, a tashi kafin Magariba.

Fim kuwa, kada a nuna shi duka a aji. A yanki minti 15, a sauke tun a gida saboda matsalar intanet da wuta.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne kunya. Da zarar dattijo ya fara magana, matasa ba sa iya saɓa masa. Don haka jagora ya fara da ƙarami, minti 2 kowa, manya su rufe. Wanda bai iya karatu sosai ba, a karanta masa a bayyane.