Yadda Ake Girbi da Tsima Inabi Bisa Tsarin Gidan Yquem

Gidan Château d'Yquem, mai noman inabi da yin giya mai zaƙi, yana yankin Sauternes, kudu da birnin Bordo a Faransa. Iyalin Sauvage ne suka karɓi gonar a 1593, sannan ta koma hannun iyalin Lur-Saluces a 1785 ta hanyar auren Françoise-Joséphine de Sauvage, wadda ta riƙe ragamar gidan bayan rasuwar mijinta. A 1855, da aka jera giyoyin Bordo bisa daraja, Yquem kaɗai aka ɗora a kan duk masu zaƙi. Zuriyar ta riƙe gidan har 1999, lokacin da kamfanin kayan alatu na Faransa mai suna LVMH ya sayi mafi yawan hannun jari. Ko wanda addininsa ya hana shi giya zai ƙaru da tsarin nomansu, domin gininsa haƙuri ne.

Da farko a sami wurin da ya dace. Ruwan kogin Ciron mai sanyi yana haɗuwa da na Garonne mai ɗumi, sai hazo mai laima ya lulluɓe gonaki da safe a lokacin kaka, rana kuma ta busar da shi da yamma. Wannan musanya ita ke sa wata fumfuna mai suna Botrytis ta huda fatar inabin, ruwansa ya tsane, zaƙinsa ya taru. Idan laima ta yi yawa, ruɓewa zalla za a samu.

A dasa irin inabi mai suna Sémillon da yawa, a haɗa da ɗan Sauvignon, a datse rassan sosai don kada kurangar ta yi 'ya'ya barkatai.

Girbi shi ne inda aikin yake. Ba a yanke zangarniya gaba ɗaya, saboda fumfunar ba ta kama 'ya'yan a rana ɗaya. Masu tsinka za su bi layi da almakashi, su ɗauki waɗanda suka yanƙwane kawai, su bar sauran, sannan su dawo bayan kwanaki. Yawanci akan zaga gonar sau biyar ko shida, a ɗauki makonni ana yi, kuma a ƙarshe abin da kuranga ɗaya ke bayarwa bai wuce kofi guda na giya ba.

A matse inabin a ranar da aka tsinke shi, sau uku ko huɗu, a sani cewa matsar ƙarshe ce ta fi zaƙi. A zuba ruwan a sababbin gangunan katako ya tsimu, a riƙa cike gurbin abin da ya ƙafe, a kuma sauya ganga lokaci-lokaci don raba shi da laka.

Mataki na ƙarshe, wanda a ganina ya fi kowanne wuya, shi ne ɗanɗana kowace ganga da ƙin sa sunan gidan a kan wadda ba ta kai ba. A 1964, 1972, 1974, 1992 da 2012, Yquem bai fitar da babbar giyarsa ko kwalba ɗaya ba, duk da kuɗin aikin da aka riga aka kashe.