Yadda na gyara tsagar bangon gidana

Tsagar ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace, tana bin layin bulo kamar matakala. Ƙofar ɗakin ma ta fara cijewa. Sau biyu ina shafe tsagar da siminti tana dawowa, har abin ya hana ni barci.

Sai na daina shafe-shafe, na ja layi da fensir a bakinta, na rubuta kwanan wata. Cikin wata 2 na damina faɗinta ya kai milimita 4.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na fita na zagaya gidan. Ashe indararo ne ke kwararo ruwa daidai gindin wannan kusurwa, ƙasar wurin kuma ta karkato wajen bango. Na tona kaɗan, laka ce zalla. Ita kuwa laka in ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta tsuke, fandisho na motsi tare da ita.

Na sa bututu ya kai ruwan mita 2 nesa da bango, na cike ƙasa na dandaɓe ta gangara waje. Injiniya ya duba ya ce ba sai an tallafi fandishon ba. Sai da na ga tsagar ta tsaya a layin fensir har damina ta wuce, sannan na cike ta.