Yadda za ku buga dara a gida lokacin kulle

Lokacin da aka sa dokar kulle ta korona a jihar Kaduna ƙarshen Maris ɗin 2020 ba makaranta ba Islamiyya, kasuwar Sabon Gari ma sai ranar da aka sassauta, yara sun gaji da zama, ga NEPA ba tabbas. To in aka shiga irin wannan zaman ku koya wa yara dara, wallahi tana ɗebe kewa sosai.

1. Ku samu ƙasa a tsakar gida ku tona gurbi 30, layi 5 kowanne da gurbi 6. In siminti ne ku zana da gawayi.

2. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa ɗaya guntayen kara.

3. Ku dinga sakawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, amma fa a nan ba a jera uku, yara na yawan mantawa da wannan sai kun dinga tuna musu.

4. Sai a fara tafiya gurbi ɗaya, gaba, baya ko gefe, banda karkace. Duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa guda. Huɗu ba ci bane.

5. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi.

Kowa ya wanke hannu da sabulu in an tashi, kuma in lokacin kulle ne don Allah 'yan gida kawai, kar a kira maƙwabta.